Malam Armaya'u, Wanda Bai Ci Gasa Ba

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Satumba na 1957, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Armaya'u, hedimastan makarantar elementare ta Safana, a cikin gidansa, bayan gajeriyar jinya ta ciwon haƙarƙari. An yi masa sutura bayan azahar. Mai shi ne ya kira shi, kuma inda ya tafi can kowannenmu zai je. Labarin ya iske ni a Batsari da la'asar, ta bakin wani mai jaki da ya kawo wake kasuwa. Ko da na isa Safana an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Malam, abokan aikinmu sun taru sun ce ni zan rubuta maka ta'aziyya, wai don ni ne marubucin da aka sani a wannan yanki, ni aka ba takardar yabo. Da suka faɗi haka na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana. Akwai baƙin ciki, Allah ya sani. Amma abin da ya fi yi mani nauyi kunya ce, kuma kai ka san mafarinta. Tun da alƙalamin ya faɗo hannuna, bari in gaya wa waɗanda ba su sani ba.

Ni ɗan Karare ne, ɗan manomi. Lokacin da aka ɗauke ni aka kai makarantar Batsari, kai ne malamin ajinmu, kana saurayi, ko aure ba ka yi ba. Na gudu gida ya fi a ƙirga, kuma duk gudun da na yi mahaifina murna yake, don yana da gero da gyaɗa masu jiran hannu. A wancan zamani idan yaro ya gudu dogari ake aikawa. Kai ba ka aika kowa ba. Ka tako da ƙafarka har Karare, ka iske mu a gona ana maimai, ka gaida mahaifina gaisuwa mai tsawo, ka tuɓe rigarka ka rataye a reshen gawo, ka ɗauki hauyata ka kama kunya kusa da tasa. Ba ka ambaci makaranta ba ko sau ɗaya. Rana ta take, hannuwanka suka yi bororo, ba ka daina ba. Daga ƙarshe tsoho ya yar da hauyarsa ya ce, "Malam, don Allah ya isa haka. Ka sa ba ni iya ɗaga ido in dube ka. Ɗauki yaronka ku tafi." Ban sake gudu ba. Har na gama, na wuce Katsina ƙarin karatu, na dawo Batsari a matsayin malami, a lokacin an riga an mayar da kai Safana.

Ba zan yi maka ƙarya bayan ranka ba, don da kana nan da kai za ka fara ƙaryata ni. Kai ba mutum ne mai ɓoye kansa ba. Ƙato ne kai, mai babbar murya, in ka yi dariya a makaranta ana jin ta a bakin kasuwa. Kana son tsire, kana son a yabe ka, kuma in an yi jinkirin yabon kai kake tunatarwa. Yara ba su taɓa ganin laifin wannan ba. Manya kuwa wasu suna gani, suna jiran ranar da za ka yi tuntuɓe.

A shekarar 1953 aka sanar da gasa ga malaman makarantu na lardi. An ce kowa ya rubuta littafin labari na yara. Wanda ya fi kyau za a buga shi a raba wa makarantu, a ba mai shi takardar yabo da sabon keke. Kai ka kawo mani labarin da kanka. Ka ce, "Musbahu, shiga. Ko na biyar ka zo ka koyi wani abu. Na ɗaya kam an riga an san mai shi." Ka buga ƙirji, muka yi dariya.

Na rubuta nawa, na sa masa suna Gambo Mai Jin Magana. Labarin yaro ne mai tashi da wuri, mai wanke hannu kafin ya ci abinci, mai tace ruwa kafin ya sha, wanda bai taɓa saɓa wa na gaba da shi ba. Kai ka duba mani shi, ka gyara mani inda na haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Sannan ka ba ni naka in karanta, Hansai da Jakin Haya. Labarin wata yarinya ce mai ƙiriniya, wadda kakarta ta aika kasuwar Wagini da buhun wake a kan jakin haya, jakin da ba ya tafiya sai ana yi masa waƙa, in an daina ya kwanta a tsakiyar hanya. Waƙoƙinta suka ƙare tun ba a yi rabin tafiya ba, ta shiga ƙirƙiro wasu a kan duk wanda suka gamu da shi, daga mai unguwa har wanzami, mutanen da aka yi wa waƙa suka biyo ta a fusace, jaki kuwa yana ta sauri don waƙar ta yi masa daɗi. A zaurenka na karanta shi, na yi dariya har hawaye suka jiƙa mani takarda. Na koma Batsari ba ni da wata shakka game da wanda zai ci.

Kai ma ba ka da ita. Ka share wuri a zaure inda za a riƙa jingine keke. Da yake ba ka iya hawa ba, ka ari na malamin asibiti kana koyo a filin makaranta da yamma, yara suna tura ka suna ihu. Wata rana keken ya ƙwace maka ya gangara da kai har tukubar Mati mai tsire, ka faɗi a gefenta, toka ta bule maka gemu. Ka tashi kana dariya ka ce gara ka gama faɗuwarka a kan keken wani. A nan Mati ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ranar da kekenka ya iso zai yanka rago ya yi balangu, kowa ya ci kyauta. Safana duka ta san da maganar.

Da sakamako ya fito, sunana aka kira.

Alƙalan gasar ba mugaye ba ne, kuma sun bayyana hujjarsu. Sun ce labarin Hansai yana da daɗi, amma yarinyar ta yi wa manya rashin kunya, ta yi wa kakarta ƙarya a kan waken da ya zube, kuma har aka gama ba a hore ta ba, don haka ba su ga abin da yaro zai koya a ciki ba. Sun ce in za ka sauya ƙarshen, a hukunta ta, za su sake dubawa wata shekara. Gambo kuwa sun ce kowane shafi nasa darasi ne.

Na ji abin da ya biyo baya a Safana. In ka wuce ta kasuwa samari sai su riƙa kwaikwayon ƙarar ƙararrawar keke da baki. Wani ya tambaye ka a gaban mutane ko za ka ba da hayar wurin da ka share a zaure. Ka daina zama a dakalin ƙofar gida. Masallaci ma ta lungu kake bi. Ni kuma a Batsari mutane suna ta shigowa yi mani barka, ina amsawa bakina yana ɗaci. Na tura keken bayan rumbu na rufe shi da tsohuwar tabarma. Na rasa yadda zan yi in je maka. In na zo a kan keke, na yi maka gori. In na zo a ƙasa, na nuna ina jin tausayinka, wanda na san ya fi gorin yi maka ciwo. Ina cikin wannan juyi, na tsai da shawara zan je ranar Juma'a ko ta yaya, sai ga ka ranar Alhamis a ƙofar gidana a kan jaki, ƙafafunka suna jan ƙasa.

Na durƙusa zan gaishe ka, ka ce in tashi mu shiga zaure. Da muka zauna ka ce, "Bari in gaya maka gaskiya kafin in yi maka barka, don kada barkar ta zama ta munafunci. Na ji haushi, Musbahu. Na yi maka hassada. Da aka faɗa mani kai ne, na kasa cin tuwo. Na kwanta ina cewa, yaron da ni na koya masa riƙon alli. Har sai da matata Tasalla ta tsaya a kaina ta ce, kai da ka je ka yi wa ubansa noma don ya yi karatu, mi kake tsammani zai yi da karatun?" Ka share fuska da hannun riga. "Na nemi gafarar Allah, yanzu ina neman taka. To, barka. Allah ya sa albarka."

Ban taɓa jin babba ya yi wa na ƙasa da shi irin wannan magana ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa, na ce, "Malam, keken yana bayan rumbu. Naka ne. Ka tafi da shi."

Ka zaro ido ka ce, "Kunyar da na sha ba ta ishe ka ba, kana so ka ƙara mani wata? In shiga Safana da keken sadaka? A'a. Ga abin da za ka yi mani. Ran kasuwa mai zuwa ka sa fararen kaya, ka hau shi, ka zo, kuma kana shigowa gari ka yi ta kaɗa ƙararrawar nan har kowa ya ji."

Na yi abin da ka ce, don ban saba musu da kai ba. Kai ka tarye ni a bakin gari. Ka kama kan keken da hannu ɗaya, ka ja ni ta tsakiyar kasuwa, ta gaban samarin nan masu yi maka ba'a, kana ɗaga murya kamar sanƙira: "Ku ba da hanya! Ga ɗalibina, ga wanda ya kayar da malaman lardi duka, har da ni!" Ka tsaya a gaban Mati ka ce alkawari dai keke ya iso Safana, ga shi kuwa ya iso. Mati ya yanka ragon. Daga ranar ba wanda ya ƙara yi maka ƙararrawa da baki, don ka riga ka faɗi abin da za su faɗa, da muryar da ta fi tasu. Mutane suna cin balangu suna sa mani albarka, ni kuwa ko yanka ɗaya bai wuce mani ba.

Da aka buga littafin aka raba, makarantarka ta fi kowace riƙe shi. A ƙarshen shekara ka gayyace ni in zo in ji yara. Aka shimfiɗa mani tabarma, aka jera su, suka karanto Gambo da ka daga farko har ƙarshe, ba wanda ya yi tuntuɓe. Na dubi fuskokinsu, irin fuskar da yaro kan yi ne in an ba shi magani. Na yi godiya, na yi sallama, na fita. Na yi ɗan nisa sai na tuna na bar hulata a kan taga. Ina isowa jikin bangon aji na ji hayaniya, yara suna cewa, "Malam, mun gama na baƙo, saura Hansai! Saura Hansai!" Na ji ka ce masu a hankali, "Ku yi shiru mana, bai yi nisa ba." Kana rufe baki ka ɗago kai, muka haɗa ido ta taga.

Ban san wanda ya fi wani jin kunya ba a cikinmu. Ka fito da hular a hannunka, ka raka ni har gindin tsamiyar da na jingine keke. A nan na ce, "Malam, alƙalan nan sun yi kuskure. Ni na sani, kai ka sani, yaran nan ma sun sani."

Ka ce, "Kada ka raina abin da ka yi. Makon jiya wata mata a Zakka ta tare ni tana ƙorafi, wai ɗanta ya ƙi shan ruwan tafki sai an tace masa da ƙyalle, wai haka Gambo yake yi. Wannan yaro ƙila ba zai yi kurkunu ba bana. Hansai ba ta taɓa hana kowa kurkunu ba." Ka miƙo mani hular, sai murmushin nan naka ya dawo, ka ce, "Amma nawa ya fi daɗi. Wannan kam ba zan yi maka kara ba."

Na sha roƙonka ka sauya ƙarshen kamar yadda suka nema, ka sake aikawa, ko don a buga shi yaran wasu garuruwa su samu. Kullum amsarka ɗaya ce: "Ba zan sa a doki yarinyar nan don a ba ni keke ba." Na ce to ko faɗa kakarta ta yi mata. Ka ce kakar tana da hankali, ta ga yarinya ta kai wake kasuwa ita kaɗai a kan jakin da ya gagari maza, faɗan me za ta yi? Haka muka bar maganar shekara bayan shekara.

Alherinka ga sauran mutane ba sai na tsawaita ba, suna nan da bakinsu. Akwai yaran ƙauye da suka yi karatu suna kwana a zaurenka suna cin tuwon Inna Tasalla. Akwai tsofaffin da kake zaunar da su bayan la'asar kana koya masu rubuta sunansu, kana yi masu tsiya har su manta da jin nauyi. Ko rashin lafiyar da ta zama ajalinka a hanyar zumunci ka same ta. Ka je Zakka sunan ɗan wani tsohon ɗalibinka, ruwa ya kama ka a hanyar dawowa, ka iso gida jiƙe sharkaf kana rawar sanyi. An aiko mani cewa mura ce.

Ranar sadakar uku wani abu ya faru wanda na so a ce kana nan ka gani. Muna zaune a ƙofar gidanka, kowa ya yi jugum, sai Usaini maɗinki, wanda ya yi karatu a hannunka tun kana Batsari, ya ce shi abin da ba zai manta ba shi ne inda jakin Hansai ya kwanta a ƙofar mai unguwa. Wani ya ce a'a, a bakin rijiya ya kwanta. Na uku ya rantse cewa a tsakiyar rafi ne. Ashe tun kafin gasar kake ba da labarin, kuma kowace shekara yadda ka ga dama kake juya shi. Magidanta masu gemu suka shiga musu, murya ta fara tashi, wani ya rera waƙar wanzami, dariya ta ɓarke a wurin zaman makoki. Liman ya tsawatar, ya ce a ji tsoron Allah, a tuna abin da ya tara mu. Can sai ya gyara rawani ya ce, ƙasa-ƙasa, "Amma a bakin rijiya ne. 'Ya'yana sun ba ni labarin."

Da yamma na shiga cikin gida na gaida Inna Tasalla, na roƙe ta ta ba ni takardun Hansai, in kai su inda za a buga da sunanka, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Ta ce, "Ayya, Musbahu, ai babu su. Gara ta cinye su tun damanar bara a cikin akwati. Da ya buɗe ya gani sai ya yi ta dariya, ya ce yau dai ya sami waɗanda suka karɓi littafinsa ba su nemi ya gyara komai ba."

To, ga inda muke, Malam. Littafina yana cikin akwatin kowace makaranta a lardin nan, da sunana a bango. Naka babu ko shafi. Jama'a sun ce tun da na taɓa karanta shi, in zauna in rubuto shi daga ka. Na gwada. Na rubuta shafuka, na dawo na karanta, sai na tarar a hannuna Hansai ta fara gaida mutane da ladabi, ta fara neman izini, jakin ma ya fara tafiya ba waƙa. Na yaga su. Abin da Allah ya ba ka bai ba ni ba, kuma ni aka kira gaban manya aka yi wa tafi. Duk wanda ya sake ce mani marubucin wannan yanki, ina roƙonsa ya san cewa marubucin yana kwance a maƙabartar Safana.

Jiya aka sanar da ni cewa an mayar da ni Safana in riƙe makarantarka. Na nemi a ba wani, aka ce ba wanda ya fi ni cancanta. Wannan kalma ta taɓa faɗawa kaina sau ɗaya, na san nauyinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tasalla, wadda ta iya gaya maka gaskiya a lokacin da ba wanda ya isa. Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki ga sakamakon ɗawainiyar da kika yi da shi da yaran mutane. Ina yi wa 'ya'yansa ta'aziyya, Zuwairatu da Maijidda da ƙaninsu Jinjiri, da 'yan'uwansa, da malaman makarantarsa, da Mati wanda tun ranar Asabar bai hura wuta a tukubarsa ba, da dukan waɗanda suka taɓa zama a gabansa a Batsari da Safana.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Armaya'u. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa dariyar da ya sa a bakin yara, da cikin da ya ciyar, da girman kan da ya haɗiye don ya faranta wa na ƙasa da shi, su zama masu nauyi a mizaninsa. Ka sada shi da Annabin rahama, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka saura, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ni kuma, ya Allah, ranar Litinin zan tsaya a gaban yaransa. Ka ba ni idon da zan dube su da shi.

Musbahu Karare
Batsari